Sashiko: Ɗinkin Manoman Japan Da Ya Koma Kayan Alfarma

Sashiko wani salon ɗinkin hannu ne na ƙasar Japan, wanda ake jera farin zaren auduga a kan yadin da aka rina da shuni. Ma'anar kalmar ita ce 'yan ƙananan soke-soke, saboda yadda allura ke shiga tana fita a kan layi. A yau wandon da aka yi wa wannan aiki yana cikin tufafi masu tsada, alhali talauci da sanyi ne suka haife shi.

Salon ya bunƙasa ne a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, musamman a yankin Tohoku da ke arewacin ƙasar. Auduga ba ta yi a can saboda tsananin sanyi, don haka manoma suka dogara da yadin da ake saƙawa da zaren wani tsiro mai kama da rama, wanda iska ke ratsa shi. A shekarar 1724 ma hukumomin yankin Tsugaru sun hana manoma sa tufafin auduga. Dabarar da mata suka yi ita ce cike ƙofofin saƙar da zare, ko haɗa yadi biyu ko uku a ɗinke, domin tufa ta yi kauri ta kuma daɗe.

Wando na cikin kayan da suka fi bukatar wannan gyara, domin gwiwa da mazauni ne ke fara cinyewa a aikin gona. Akwai tattsuke, wandon aiki mai tsukakkiyar ƙafa, da kuma monpe mai faɗi, wanda ya yaɗu tsakanin mata a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tufar da ta sha faci a kan faci har ta wuce daga uwa zuwa 'ya, ita ake kira boro. 'Yan kwana-kwanan Edo su ma sun riƙa jiƙa rigunansu na sashiko da ruwa kafin su tunkari gobara.

Kowane yanki da hannunsa. A salon kogin na Tsugaru ana ƙirga zaren saƙa ɗaya, uku, biyar, yayin da hishizashi na Nanbu ke bin biyu, huɗu, shida.

Shunin kuwa, wanda ya fi suna shi ne na Tokushima a tsibirin Shikoku. Ana shanya ganyen, a tara shi, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har kimanin kwana 100, sannan a haɗa shi da ruwan toka. Yadi kan fito daga tukunya kore, sai ya sha iska ya koma shuɗi, kamar dai yadda ake gani a marinar Ƙofar Mata ta Kano, ko da yake tsiron da ake amfani da shi a Japan ba irin babanmu ba ne.

Da tufafin masana'anta suka yi araha, mutane suka riƙa ɓoye boro ko su zubar, domin suna ganinsa alamar fatara. Masu tattara kayan tarihi irin su Chuzaburo Tanaka na Aomori ne suka ceto da yawa daga ciki. Yanzu kamfanoni irin su Kapital na Kojima, garin da ya shahara da wandon jins, suna farfaɗo da salon.

Sai dai mai saye ya lura: da yawan abin da ake sayarwa da sunan sashiko inji ne ya saƙa shi. Aikin hannu ana gane shi ne da ɗan bambancin da ke tsakanin sokar allura da ta kusa da ita.