Illar gishiri ga tsirrai da amfani da ƙwayoyin nano

Illar gishiri ga tsirrai ita ce matsalar da tsiro ke shiga idan gishiri, musamman sodiyam kuloraid, ya yi yawa a ƙasar da yake ko a ruwan da yake sha. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa gishiri ya shafi fiye da hekta miliyan 833 na ƙasa a duniya. Matsalar ta fi tsanani a yankuna masu zafi da ƙarancin ruwan sama, inda ruwan ban-ruwa ke ƙafewa ya bar gishiri a gona.

Yadda gishiri ke cutar da tsiro

Masana sun kasa illar zuwa mataki biyu. A matakin farko, gishirin da ke kewaye da saiwa yakan hana ta jan ruwa, sai tsiron ya ji ƙishi ko da ƙasar tana da laima. Ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye sukan rufe don rage asarar ruwa, wanda ke rage iskar da tsiro ke buƙata wajen haɗa abincinsa da hasken rana. A mataki na biyu, sodiyam yakan taru a tsofaffin ganye, ya hana fotasiyam aikinsa, har ganyen su yi ruwan ɗorawa su bushe. Haka kuma wasu sinadarai masu ɗauke da iskar oksijin sukan yawaita su lalata ƙwayoyin halittar tsiron.

Juriyar amfanin gona ta bambanta. Wake da masara da shinkafa ba sa jure gishiri sosai, amma sha'ir da auduga da dabino sun fi juriya.

Ƙwayoyin nano

Ƙwayoyin nano ƙananan ɓurɓushi ne da girmansu ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Waɗanda aka fi gwadawa a kan tsirrai sun haɗa da na zink oksaid, silika, baƙin ƙarfe, azurfa da seriyam oksaid. Ana jiƙa iri a cikinsu kafin shuka, ko a fesa su a ganye, ko a gauraya su da ƙasa.

A gwaje-gwaje da dama, ƙwayoyin sun taimaka wajen tsirowar iri da ƙarfafa garkuwar tsiro. A shekarar 2018, binciken da Juan Pablo Giraldo na Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside ya yi da abokan aikinsa ya nuna cewa ƙwayoyin seriyam oksaid suna rage sinadarai masu cutarwa a ganyen tsiron Arabidopsis, suna kuma taimaka masa riƙe fotasiyam a cikin gishiri.

Haɗari

Amfanin ƙwayoyin ya danganta da nau'insu da girmansu da yawan da aka zuba. Idan sun yi yawa, na zink oksaid da na azurfa suna iya tauye girman saiwa, su kuma cutar da ƙananan halittun da ke raya ƙasa. Yawancin gwaje-gwajen an yi su ne a ɗakin bincike da cikin tukwane. Saboda haka har yanzu manoma sun fi dogara da wanke gona da ruwa mai daɗi, gyara magudanan ruwa, zuba jifsam da shuka iri mai jure gishiri.