Yadda dila ya koma alfadari a hanyar Ingila

In kun taɓa zama kusa da malamai, watakila kun ji sunan littafin nan Kalila wa Dimna. Kalila da Dimna diloli ne guda biyu a fadar zaki. Dimna ne ya shiga tsakanin zaki da amininsa bijimi, ya kai tsegumi nan, ya kai can, har zaki ya kashe bijimi. To, ku ji yadda wannan labari ya kai ga masu jin Ingilishi.

Asalinsa daga Indiya ne, cikin wani littafi da ake kira Pancatantara. Wajen shekara ta 570, wani likita mai suna Burzoye ya juya shi zuwa harshen Farisa, don sarkinsa Kisra Anusharwan. Wannan rubutu na Burzoye ya ɓace. Amma kafin ya ɓace, wajen 750, Ibn Muƙaffa ya mai da shi Larabci. Shi kuwa bai yarda munafuki ya sha da daɗi ba. A littafin Indiya ba wanda ya hukunta Dimna. Ibn Muƙaffa sai ya ƙara babi guda: aka kai Dimna gaban shari'a, aka kama shi da laifi, aka kashe shi.

Daga Larabci wani malamin Yahudawa ya juya shi zuwa harshensu. Daga nan Yohana, mutumin Kafuwa, ya mai da shi Latin wajen 1270. A 1552 wani marubuci, Doni, ya buga shi da harshen Italiya a birnin Benis.

Littafin Doni ne ya faɗa hannun Tomas Nos, mutumin Ingila. Ya juya shi, aka buga a Landan a 1570, aka sake bugawa a 1601. Ku lissafa: wajen shekara 1000 ke nan tun daga aikin Burzoye.

Kun san saƙon da ya bi baki da yawa ba ya isa yadda ya taso. A littafin Nos ba dila ko ɗaya a fada. Dimna ya koma alfadari, Kalila kuma jaki! Ku da kuka san dila, malamin daji, kun san an rage wa labarin gishiri, don wayo irin na Dimna bai yi kama da alfadari ba. Sunan littafin ma ya sake, aka sa masa sunan Doni, kamar shi ne mai shi.

Sai a 1819 wani malami, Nacbul, ya koma ga Larabcin kansa, ya fassara shi, aka buga a Okusfod da sunan Kalila da Dimna. Littafin Nos kuwa ya yi wuyar samu ƙwarai, har Yusufu Jakobs ya sake buga shi a 1888. A 1925 Ata Raida, wani malami a Amurka, ya ɗauko Pancatantara daga harshen Indiya kai tsaye. A nasa littafin diloli na nan su biyu, zaki ya kashe bijimi, kuma ba a kai kowa gaban alƙali ba.