Makiyayan Agadez da littattafan ƙidaya

Tun farkon ƙarni na 20, lokacin da Faransawa suka kafa mulki a Agadez, ƙirga mutanen Abzin ya zama aiki mai wuya. Mazaunin gari ana samunsa a gida. Buzu mai raƙuma kuwa yau yana Ingall, bayan wata biyu ya bi ayarin gishiri zuwa Fachi da Bilma. Saboda haka Turawa suka riƙa rubuta makiyaya ta hannun shugabanninsu, don karɓar lanho. Wanda shugabansa bai ambata ba, a wurin hukuma babu shi.

Binciken yawan jama'a da aka yi a 1959 zuwa 1960 bai shafi yankin makiyaya ba. Sai a 1977 Nijar ta yi ƙidayarta ta farko ta ƙasa baki ɗaya, sannan 1988, 2001 da 2012. A ta 2012 an samu mutum 487,620 a jihar Agadez, jihar da ta fi ƙasar Faransa faɗi.

Yanzu littattafan sun koma cikin kwamfuta, amma tsohuwar matsalar tana nan. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin ajiye bayanai a jadawali dabam-dabam, a haɗa su idan buƙata ta taso. Daga nan harshen SQL ya samo asali, kuma a cikinsa mai aiki ne ke zaɓar irin haɗin.

Ɗauki littafin lakwal da littafin takardun haihuwa. Idan ka zaɓi haɗin ciki, kwamfuta za ta riƙe sunan da ke cikin littattafan biyu kaɗai. Ɗan makiyayin da aka haifa a daji, ba shi da takarda, sai ya fita daga lissafi alhali yana zaune a aji. Idan ka zaɓi haɗin hagu, kowane ɗalibi zai zauna, gurbin takardarsa kawai zai kasance babu komai. Wannan gurbin shi zai nuna maka yara nawa ne ke buƙatar takarda kafin jarrabawa.

Akwai haɗari na biyu. Yaron da iyayensa suka yi ƙaura aka rubuta shi a makarantu biyu zai fito sau biyu, jimla ta kumbura. Maganinsa a tattara kowane littafi, suna ɗaya layi ɗaya, kafin a haɗa.

A kwalejinmu ta horon malamai nakan sa ɗalibai su ƙirga sunaye kafin haɗi, su sake ƙirgawa bayansa. Idan adadin ya ragu ko ya ƙaru, su tsaya su bincika. Da waɗannan alƙaluma ake raba malamai, bencina da abincin makaranta, kuma yaron da aka zubar a lissafi ba ya cikin rabon.