Yadda Tsirkiyar Guqin Ta Shiga Kiɗan Lantarki

A 1978 ne Brian Eno, ɗan Ingila, ya fitar da faifan Music for Airports, ya kuma raɗa wa irin wannan kiɗa suna ambiyan. Kiɗa ne na na'ura da ba a yi masa rawa. Yana bin ɗaki sannu a hankali kamar hayaƙin turaren wuta, mai so ya kasa kunne, mai aiki ya ci gaba da aikinsa.

Turawa na cikin waɗanda suka fara jawo ƙasar Sin cikinsa. Vangelis, ɗan Girka, ya yi faifan China a 1979. A 1981 Jean-Michel Jarre ya taso daga Faransa da na'urorinsa, ya yi wasa a Beijing da Shanghai, har makaɗan gargajiya suka raka shi a wani kiɗa na jiragen masunta da faɗuwar rana. Da daɗin ji kam, amma a kunnena kayan kiɗan Sin a wancan zamani kwalliya ce aka yafa wa ginin wani.

Abin ya sauya ne da 'yan gida suka sa hannu. Dou Wei, wanda ya yi tashe a kiɗan rok, ya juya ya koma kiɗa mai sanyi. Sai FM3, wato Zhang Jian da Ba'amurke Christiaan Virant, mazauna Beijing a lokacin, suka fito da Buddha Machine a 2005. Ɗan akwatin roba ne mai kama da ƙaramar rediyo, an kwaikwayo shi daga akwatunan da ke maimaita addu'a a wuraren ibadar mabiya Buddha. Sautuka tara ne a ciki, kowanne yana zagayawa har batir ya ƙare. Shi kansa Eno sai da ya saya.

Na fi ƙaunar fitowar akwatin ta uku, ta 2010, da aka gina a kan guqin. Guqin katako ne mai tsirkiya bakwai da ake kwantarwa a kaɗa da yatsu, kuma tun 2003 UNESCO ta sa shi cikin gadon ɗan Adam. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, don malaman Sin na dā kansu suke kaɗa wa, ko aboki ɗaya. Makaɗi kan taɓa tsirkiya ya dakata, ya bi amon da kunne har ya ɓace, har gogar yatsa a kan tsirkiya ana ji. Na'urar ta ɗauki wannan amo mai shirin mutuwa ta riƙa dawo da shi.