Lambar da ba ta rabuwa mai alƙaluma miliyan 41

A watan Oktoban 2024 ne wani Ba'amurke mai suna Luke Durant ya gano wata lamba da ba ta rabuwa, wadda ta zarce dukkan waɗanda aka sani kafin ita.

Lambar na da alƙaluma 41,024,320. Wanda zai karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba dare ba rana, sai ya shafe fiye da kwanaki 470 kafin ya kai ƙarshenta.

Mece ce lambar da ba ta rabuwa?

Ita ce lambar da ta haura 1, wadda babu abin da ke raba ta daidai in ba 1 ko ita kanta ba, kamar 2, 3, 5, 7 da 11.

Tun kimanin shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Yuklid na Iskandariyya ya tabbatar da cewa irin waɗannan lambobi ba su da iyaka.

Siffofinta

Ana samun wannan lamba ce idan aka jera 2 har sau 136,279,841, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1. Ana danganta wannan jinsi da Marin Mersenne, wani limamin Kirista ɗan Faransa da ya rasu a 1648, kuma ita ce ta 52 da aka gano a cikinsu.

Sharaɗi ne adadin jerin ya kasance shi ma ba ya rabuwa, amma hakan kaɗai bai wadatar ba. Jerin 5 na bayar da 31, wadda ba ta rabuwa, alhali jerin 11 na bayar da 2,047, wato 23 sau 89.

Kowace irin wannan lamba tana haifar da abin da ake kira cikakkiyar lamba, kamar 6, wadda ita ce jimillar masu raba ta, wato 1, 2 da 3. Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajajen 1040, na cikin malaman da suka nazarci wannan batu.

Amfaninsu

Ɗan kasuwar da ke Gidan Dare a birnin Sakkwato, idan ya tura kuɗi ta intanet, yana cin gajiyar irin waɗannan lambobi.

Tsarin ɓoye bayanai na RSA, wanda aka ƙirƙiro a 1977, yana ninka manyan lambobi biyu da ba sa rabuwa. Ninkawar abu ne mai sauƙi ga kwamfuta, amma gano lambobin biyu daga sakamakon yana da matuƙar wuya.

Sai dai tsarin na amfani ne da lambobin sirri masu ɗaruruwan alƙaluma. Ita kuwa ta Durant, kowa ya san ta, don haka ba za ta zama makulli ba.