Sayen Sabuwar Mota a Abuja: Kuɗaɗen da Dillalai ke Ƙarawa da Yadda Ake Ciniki

Farashin da mai saye ke ji da farko a shagon sayar da sababbin motoci ba kasafai yake zama abin da zai biya a ƙarshe ba. Tsakanin ranar da aka yi tayi da ranar da za a miƙa makulli, akan jero wasu kuɗaɗe: haraji, rajista, inshora, kuɗin kawo mota daga Legas, na'urar bibiya da sauransu. Wasu daga cikinsu doka ce ta wajabta, wasu kuwa ribar dillali ce aka sauya wa suna. Wanda ya iya rarrabe su shi ne ya san inda ciniki yake.

Tushen farashin

Yawancin sababbin motocin da ake gani a Abuja ta tashoshin ruwan Legas suke shigowa, domin tun ranar 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Wasu kuma a gida ake harhaɗa su, kamar Peugeot a Kaduna da Innoson a Nnewi. Ko ta wace hanya mota ta zo, da dala aka saye ta ko aka sayi sassanta. Shi ya sa bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024, farashin motoci ya bi ta. Daga lokacin ne takardar farashin da dillali ke bayarwa ta koma mai gajeren wa'adi, wani lokaci 'yan kwanaki kawai.

Kuɗin fito na kwastam yana cikin wannan tushe, bai kamata a sake kawo shi a matsayin ƙari ba. Abin da mai saye zai nema shi ne takardun da ke nuna an biya shi cikakke. A watan Satumban 2019 jami'an kwastam sun rufe wuraren sayar da motoci da dama a faɗin ƙasar nan kan zargin fasa-ƙwauri da rage kuɗin fito, kuma motar da takardunta ba su cika ba ana iya tsare ta ko da ta riga ta koma hannun wanda ya saya.

Waɗanda doka ta ɗora

Na farko shi ne harajin VAT, wanda ya ƙaru daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari tun ranar 1 ga Fabrairu, 2020. A kan mota ba ƙaramin kuɗi ba ne: idan farashinta naira miliyan 40 ne, harajin kaɗai naira miliyan 3 ne. Don haka tambayar farko ga mai shago ita ce ko farashin da ya faɗa ya haɗa da harajin. Mutane da yawa sun yi murnar samun ragin miliyan ɗaya, sai daga baya suka ga an ɗora musu uku.

Sai rajista. A Babban Birnin Tarayya, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta DRTS, wadda jama'a suka fi sani da VIO, mai hedikwata a Mabushi, ita ke yi wa mota rajista, yayin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke buga lambobin. Dillali na iya ɗaukar wannan ɗawainiya, kuma babu laifi ya karɓi ladan wahalarsa. Laifin shi ne a dunƙule kuɗin gwamnati da ladan a layi ɗaya. A nemi rasit na hukuma, sauran kuma a kira shi da sunansa.

Inshora ma wajibi ce, amma mafi ƙanƙantarta kawai, wato wadda ke biyan ɓarnar da aka yi wa wani. Hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida daga ranar 1 ga Janairu, 2023, bayan ta daɗe a naira 5,000, ta kuma ɗaga diyyar dukiya zuwa naira miliyan 3. Cikakkiyar inshora zaɓi ne, sai fa idan banki ne ya ba da rance ya kuma sharɗanta ta. Hukumar ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar, wato naira miliyan 2 a misalin da ya gabata. Hikima ce a yi wa sabuwar mota irin wannan inshora, sai dai mai mota na da ikon zaɓar kamfanin da yake so.

Waɗanda dillali ya ɗora

A nan ne ciniki yake. Akwai kuɗin ɗauko mota a tirela daga Legas, kuɗin dubawa da wankewa kafin miƙawa, kuɗin takardu, na'urar bibiyar mota idan an sace, shimfiɗun ƙafa, rufin kujeru, fesa maganin tsatsa, ƙarin wa'adin garanti da yarjejeniyar sabis. Ba duka ne marasa amfani ba. Na'urar bibiya tana da ranarta. Amma motar da ta yi makonni tana tsaye a shago a Abuja, da wuya a gamsar da mutum cewa kuɗin kawo ta bai riga ya shiga farashi ba. Dubawa kafin miƙawa kuwa aikin mai sayarwa ne tun asali.

Gilashi mai duhu na buƙatar kulawa ta musamman. Akwai dokar 1991 da ta taƙaita amfani da shi, kuma izininsa a hannun 'yan sanda yake. Biyan dillali kuɗin liƙa leda ba ya zama izini.

Akwai kuma la'ada. Wanda ya raka mai saye shago yana cewa ya san manaja, sau da yawa kasonsa na cikin farashin da za a faɗa.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi cewa a bayyana farashin kaya, kuma kada a karɓi fiye da abin da aka bayyana. Ta wajabta ba da takardar ciniki mai nuna farashi kafin haraji, adadin harajin da jimillar kuɗi. Ta kuma taƙaita tilasta wa mutum sayen wani abu a matsayin sharaɗin sayar masa da wani, ta wajabta a bayyana idan kayan na hannu ne ko an sabunta su. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a kasuwar da ake goge tokunbo a kira ta sabuwa fil.

Matsalar ba ta Najeriya kaɗai ba ce. A Amurka tun 1958 doka ta tilasta liƙa takardar farashi a gilashin kowace sabuwar mota, duk da haka a watan Disamban 2023 hukumar kasuwanci ta ƙasar ta ga buƙatar fitar da sabuwar ƙa'ida kan ɓoyayyun kuɗaɗen dillalai. Dillalan suka garzaya kotu, kotun ɗaukaka ƙara ta soke ƙa'idar a watan Janairun 2025.

Yadda ake tayi

Bahaushe ya saba da tayi, a ce albarka, a ƙara, har a sallama. Shago mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki bai soke wannan al'ada ba, sai dai ya sa mutane jin nauyin yin ta. Abin da ya kamata a taya shi ne jimillar kuɗin da za a biya a fita da mota, ba farashin da ke jikin talla ba. A nemi wannan jimilla a rubuce daga shago biyu ko uku, kan samfuri ɗaya da shekarar ƙira ɗaya, domin mota mai suna ɗaya tana da matakai da ke bambanta farashi sosai.

Idan dillali ya ƙi rage farashi, sau da yawa yakan yarda da gyara: sabis na farko kyauta, rajista ko na'urar bibiya. Motar bara da ta rage bayan sabon samfuri ya iso ta fi saurin samun rangwame. Mai son ba da tsohuwar motarsa a ciko, gara ya gama cinikin sabuwar kafin ya ambaci tsohuwar. Mai karɓar rance kuma ya dubi abin da zai biya gaba ɗaya, ba na wata-wata ba, musamman ganin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a watan Nuwamban 2024.

Kafin a ba da kafin-alƙalami, a rubuta lambar jikin motar, ranar miƙawa, da ko farashin zai tsaya idan dala ta motsa. A tambayi wanda ke ɗauke da garanti, domin motar da ba ta biyo ta hannun wakilin kamfani ba tana iya fin araha amma ta rasa shi. Biyan kuwa ta banki ake yi, cikin asusun kamfani ba na ma'aikaci ba: dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biyan tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani kuma miliyan 10, ba tare da bi ta cibiyar hada-hadar kuɗi ba.