Daga Zanen Gini zuwa Tsara Ofis: Nazari kan Karatu da Aikin Florence Knoll (1917–2019)

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin karatun Florence Knoll da aikinta a Amurka daga 1932 zuwa 1965, domin gano dalilin da ya sa matar da ta yi fice wajen tsara cikin ofisoshi ta ƙi yarda a kira ta mai ƙawata ɗaki. An dubi makarantun da ta halarta, da dabarar aikin sashen da ta jagoranta a kamfanin Knoll, da manyan kwangiloli biyu da ta yi. Nazarin ya gano cewa horon zanen gini da ta samu shi ya sa take fara tambayar irin aikin da ake yi a ɗaki kafin ta yi maganar launi ko labule.

1.0 Gabatarwa

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, sana'ar ƙawata ɗaki a Amurka tana hannun mata irin su Elsie de Wolfe da Dorothy Draper. Jarinsu shi ne ido mai gane kyau da kuma sanayya da masu hannu da shuni. Babu wadda ta zauna ajin zanen gini a cikinsu. Sai mai zanen gini ya gama nasa, magina sun kwashe kayan aikinsu, sannan a kira su, kamar yadda masu jere kan shiga ɗakin amarya bayan an gama shafe da fenti. Florence Knoll ta shigo sana'ar ne ta wata ƙofa dabam, shi ya sa a hirar da jaridar New York Times ta yi da ita a 1964 ta fito fili ta ce ita ba mai ƙawata ɗaki ba ce. Wannan maƙala na ganin cewa ba girman kai ya sa ta faɗi haka ba. Tarihin karatunta ya ba ta wannan bakin magana.

2.0 Karatunta

An haife ta da sunan Florence Schust ranar 24 ga Mayu, 1917, a garin Saginaw na jihar Michigan. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, mahaifiyarta ta bi shi tana da shekara 12. A 1932 aka kai marainiyar makarantar kwana ta 'yan mata ta Kingswood, da ke cikin harabar Cranbrook a Bloomfield Hills.

Ya kamata a tsaya a nan, domin ginin makarantar shi ne malaminta na farko. Eliel Saarinen, ɗan ƙasar Finlan, shi ya zana ginin. A masaƙar matarsa Loja aka saƙa dardumai da labule, ɗansu Eero kuma ya zana kujeru da tebura. Ke nan yarinyar da ba ta wuce shekara 15 ba tana cin abinci, tana karatu, tana kwana a wurin da bango da kujera da labule duk suka fito daga shawarar gida ɗaya. Abin da wasu ke koya a littafi suna manya, ita ta rayu a cikinsa tun tana ɗanyar itace. Iyalan Saarinen suka ja ta a jiki kamar 'yar cikinsu, har suna tafiya da ita hutu gidansu na Hvitträsk a Finlan.

Daga Kingswood ta shiga makarantar fasaha ta Cranbrook, ta ɗan taɓa karatu a Jami'ar Columbia a 1935, sannan ta wuce makarantar Architectural Association a Landan. Ɓarkewar yaƙi a 1939 ta dawo da ita gida. Ta yi aiki na ɗan lokaci a ofishin Walter Gropius da Marcel Breuer a Cambridge ta jihar Massachusetts, daga bisani ta kammala digirinta na zanen gini a 1941 a Shikago, a hannun Ludwig Mies van der Rohe. Waɗannan ukun duk daga makarantar Bauhaus ta Jamus suka fito. Don haka ta sha daga rijiya biyu: a wurin iyalan Saarinen ta koyi son launi da saƙa da katako, a wurin Mies kuma ta koyi awo da tsantseni da zubar da duk abin da ba shi da aiki.

3.0 Dabarar Aikinta

Da ta sauka New York a 1941 ta samu aiki a ofishin masu zanen gini na Harrison da Abramovitz. Kamar yadda ita da kanta ta bayyana, da yake mace ce sai aka miƙa mata aikin cikin ɗakuna. Wannan rashin adalci ne, bai kamata nasarar da ta biyo baya ta sa a manta da shi ba: matar da ta yi karatu a hannun Mies, an hana ta zana gini saboda jinsinta. A wannan lokacin ta haɗu da Hans Knoll, ɗan gidan masu ƙera kujeru daga Stuttgart, wanda ya buɗe ɗan ƙaramin kamfaninsa a New York a 1938. Ta koma aiki da shi a 1943, suka yi aure a 1946.

Sashen tsare-tsare da ta kafa a kamfanin ba ya fara aiki da nuna wa mai kwangila hotunan kujeru. Ma'aikatan sashen kan shiga ofis su yi ta tambaya, daga manaja har akawu: takarda nawa ke bi ta teburinka, ina kake ajiye fayil, mutum nawa kake ganawa da su a lokaci guda? Sai an tattara amsoshin sannan a zana taswirar wurin. Daga nan sai dabarar da ta yi suna da ita. A kan faffaɗan kwali za a zana ɗakin kamar ana kallonsa daga sama. Inda kujera za ta zauna a liƙa ƙyallen ainihin yadin da za a rufe ta da shi, inda tebur zai tsaya a manna ɓallin ainihin katakon, haka ma guntun kafet da na fata. Manajan da bai iya karanta zanen gini ba sai ya sa yatsa ya shafa, ya ji kaushin yadin, ya ga yadda ja ya zauna kusa da toka-toka, tun ba a sayi ko ƙusa ɗaya ba.

Ƙarancin kaya lokacin yaƙi ma ya zame mata gobarar Titi. Da ta rasa yadin rufe kujera da ya dace da sabon fasali, sai ta nufi telolin da ke ɗinka wa maza kwat, ta sayo irin yadinsu na ulu ta rufe kujeru da shi. Daga nan aka samu tushen sashen yadudduka na kamfanin, wanda aka buɗe a 1947.

Ta kuma kawar da katafaren teburin manaja mai durowoyi hagu da dama, wanda kan tsaya kamar katanga tsakanin mai ofis da baƙonsa. Ta maye gurbinsa da tebur marar nauyi, takardu kuma suka koma doguwar kabad a bayan kujera. Teburin taro ta yi masa ciki mai faɗi da bakuna masu tsukewa kamar kwalekwale, domin kowa ya ga fuskar kowa.

Sanayyar makaranta ta yi mata rana. Eero Saarinen ya zana wa kamfanin kujerar Womb, wato mahaifa, a 1948, bayan ta nemi ya yi mata wadda za ta iya naɗewa a ciki kamar kwandon da aka cika da matasai. Harry Bertoia, shi ma ɗan Cranbrook, ya kawo kujerunsa na saƙaƙƙiyar waya a 1952. Ta samo izinin ƙera kujerar Barcelona daga malaminta Mies. Kamfanin kan buga sunan wanda ya zana kaya, ya kuma biya shi kaso daga ciniki. Nata kujerun da kabad kuwa ta ɗauke su a matsayin cike gurbi kawai, abincin yau da kullum. A nan wannan maƙala ta saɓa mata. Doguwar kujerar da ta zana a 1954 har yau ana ƙera ta, kuma irin waɗannan kayan marasa hayaniya su ne ke ba kujerun Saarinen da Bertoia filin da za su fito.

4.0 Manyan Kwangiloli Biyu

Hans Knoll ya rasu a haɗarin mota a Kyuba a 1955, ragamar kamfanin ta dawo hannunta ana tsakiyar babban aiki: hedikwatar kamfanin inshora na Connecticut General a Bloomfield, wadda ofishin Skidmore, Owings da Merrill ya zana, aka kammala a 1957. A nan ta samu abin da ta daɗe tana nema, wato zama tare da masu zanen gini tun ana shata layi. An ma gina samfurin wani ɓangare na ginin da cikakken girmansa domin a gwada haske da bangon raba ɗakuna da kayan ofis kafin a shiga ainihin aikin. Sai dai wannan tsari bai rushe bambancin matsayi ba. Manya sun ci gaba da zama a keɓaɓɓun ɗakuna, akawuna da masu buga tafireta, waɗanda akasarinsu mata ne, suna jere a fili ɗaya.

Ta auri Harry Hood Bassett, ma'aikacin banki a Miami, a 1958. An sayar da kamfanin a 1959, ta sauka daga shugabanci a 1960 amma ta ci gaba da kula da zane. A 1961 ƙungiyar masu zanen gini ta Amurka ta ba ta lambar zinariya ta fasahar kayan masana'antu, ita ce mace ta farko da ta samu. Aikinta na ƙarshe a kamfanin shi ne cikin hedikwatar gidan rediyo da talabijin na CBS a New York, bene mai hawa 38 da Eero ya zana amma ya rasu a 1961 bai ga kammaluwarsa ba. Ta gama shi a 1965, ta yi ritaya tana da shekara 48. Ta rasu a Coral Gables ta jihar Florida ranar 25 ga Janairu, 2019, tana da shekara 101.

Akwai jan kunne ga masu bincike. Takardunta da ke taskar tarihin fasaha ta Smithsonian ita ta zaɓe su, ta jera su da hannunta, ta rubuta musu bayani kafin ta miƙa su a 2000. Shaida ce mai daraja, amma shaidar mai abu ce a kan abinsa. Duk mai son cikakken tarihin sashen tsare-tsare na Knoll sai ya nemo muryar ma'aikatan da suka yanka ƙyallayen suka liƙa a kwali, da ta akawunan da suka zauna a ofisoshin.